Laka a Tafin Hannu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali. Ni ma ƙalau nake, sai 'yar mura da ta ƙi rabuwa da ni tun da na zo ƙasar nan karatu.

Na san za ka yi ta juya ambulan kana tambayar wace ce wannan. Ni ce autar ƙanwarka, jikar baffanka mai gonar lemo. Inna Babba, yayar Ummata, ita ta ba ni adireshinka. Ta ce rabonka da gidanmu tun ina cikin zanin goyo, kuma ta ce kada in wahalar da kaina da kiran waya, kunnenka ya yi nauyi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ina digiri na biyu a fannin adabi, kuma kundin bincikena a kan littafi ɗaya ne, wanda na saka maka a cikin wannan ƙunshi. Wata 'yar Birtaniya ce ta rubuta shi. Shekara talatin tana aikin tantance wasiƙu a gidan waya, ba wanda ya san tana rubutu, sai da ta haura sittin ta fito da shi. Kamfanoni goma sha ɗaya suka ƙi bugawa. Da aka buga, sai ya ci babbar lambar yabo. Kawu, ranar da na fara karanta shi a bene na uku na laburare, na zauna da hantsi, ban ɗago kai ba sai da mai shara ta taɓa kafaɗata ta ce in ɗaga ƙafa. Ban taɓa sanin rubutu zai iya riƙe mutum haka ba.

Labarin wani mutum ne mai kula da ƙofofin madatsar ruwa a saman wani ƙaramin gari. Aka yi kwana uku ana ruwa. A safiya ta huɗu ya buɗe ƙofa ta uku, ruwa ya cinye unguwar ƙasa, har da gidan surukinsa da ba sa ga maciji, wani tsoho kuma ya rasu. Aka kafa kwamitin bincike. Mutumin ya zauna gabansu, bai ce uffan ba. Nan littafin ya ƙare.

Shekara goma sha ɗaya ke nan masu sharhi suna ta kai ruwa rana. Wasu sun ce littafin ba shi da jini a jika, wai shafi arba'in na awon ruwa da lambobi ya isa ya sa mutum barci. Mafi yawansu, har da Farfesan da ke duba aikina, sun ce ramuwar gayya ce. Hujjarsu layi ɗaya: kafin ya buɗe ƙofar, mutumin ya sauka gindin madatsa, ya tsoma hannu a wata magudana, ya ɗago ya ga jar laka a tafinsa, ya goge a wando. Sun ce lakar nan jini ce, alamar ya riga ya ƙulla mugunta. Ita kuwa marubuciyar ba ta hira da 'yan jarida, ta bar kowa da bakinsa.

Inna Babba ta faɗa min abin da ka yi a madatsa. Shi ya sa na ga babu wanda ya dace ya karanta wannan littafi kamar kai. Ka gaya min, Kawu, me ke cikin zuciyar mutumin da zai aikata haka?

Ina sauraron amsarka.
'Yarka.

*

'Yar nan,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya raba ki da mura.

Saƙonki ya zo yau wata biyu. Na daɗe ina shawarar ko in amsa.

Tunda an faɗa miki abin da na yi, ban ga abin da ya rage in ƙara ba. Shekara ashirin da shida na bar danginku sun huta da ganina. Ban zaci za a bi ni har ɗakina da littafi ba. Ki gaya wa mahaifiyarki saƙo ya iso, na kuma gane. Ba sai an aiko yarinya ba.

Allah ya ba da sa'ar karatu.
Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni dai jikina lafiya, amma tun da takardarka ta zo ban samu sukuni ba.

Sau huɗu na karanta ta a tsaye, a bakin akwatunan wasiƙu na masaukinmu, ban gane ko kalma ɗaya ba. Na hau sama na kira Inna Babba na karanta mata. Ta yi salati, ta ce, "Ke me kika rubuta masa?" Na faɗa mata. Ta ce, "Kin kashe ni, 'yar nan. Ni aikinsa na ce miki!"

Wallahi Kawu abin da ta faɗa min ke nan a farko: wai akwai kawunki da ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin madatsa. Shi nake nufi. Aikin da ka yi. Sai a wannan kiran ta ba ni sauran labarin: cewa kai ma ka taɓa buɗe ƙofa, ruwa ya tafi da gonar Kaka, bai ƙara shekara a duniya ba, kuma mutane sun ce don kun yi faɗa a kan gado ne. A gidanmu ba a taɓa faɗar wannan a gabana ba. Na taso na san akwai wani hoto da aka yanke gefensa da almakashi, ban taɓa tambayar wa aka cire ba.

Umma ba ta san na rubuto maka ba. Ba ta san littafin ba, ba ta aiko ni ba. Wautata ce ni kaɗai. Ni da ake koya wa auna kalma, na kasa auna jimla ɗaya.

Na tuna tambayar da na rufe wasiƙar da ita, kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Ka yafe min. Littafin kuma ka jefar, ko ka ba masu ƙunsa kaya. Ba sai ka amsa wannan ba.

'Yarka.

*

'Yata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna nan lafiya. Gwiwa ce kawai take tuna min shekaruna idan hadari ya haɗo. Matata tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ni ne mai laifi, wai tun ina saurayi nake ganin maciji a igiya.

Babu abin yafewa. Wanda ya taɓa ƙonewa, ko toka ya gani sai ya janye ƙafa.

Kin ce in jefar da littafin. Kin makara. Ranar da na aika miki waccan amsa, na ɗauke shi da fushi don in ga irin zagin da aka aiko min. Turancina na aiki ne, na rahoto da takardar umarni, don haka na ajiye ƙamus a gefe. Kwana goma sha tara na yi ina karatu a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, daga karin kumallo zuwa azahar.

'Yata, wace ce wannan mata?

Shafi arba'in ɗin nan da malamanku suka ce suna sa barci, ni su suka hana ni tashi cin abinci. Ta san ƙarar da ƙarfe ke yi idan ruwa ya danne ƙofa. Ta san cewa mai gadin madatsa ba ya kallon sama, sandar awo yake kallo. Ta san yadda ake rubuta lamba a rajista da fensir, domin biro ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda. Na bi lambobinta ɗaya bayan ɗaya, na zana su a bayan kalanda. Babu kuskure. Ruwan yana hawa daidai yadda ruwa ke hawa. Har na kira matata na ce, "Zo ki ga ikon Allah, wata a can ƙarshen duniya ta shiga ɗakin aikina ta zauna."

To ga amsar tambayarki, ki buɗe kunne.

Madatsar ƙasa kullum tana tsattsafo. Wannan ba ciwo ba ne. Shi ya sa ake gina 'yar magudana a gindinta, ruwan da ya ratso ya bi ta nan. Aikin farko da ake koya wa sabon ma'aikaci shi ne ya sauka kowace safiya ya tsoma hannu. Idan ruwan ya fito garau, madatsa lafiya take. Idan ya fito da laka, to ruwa ya samu hanya, yana cin jikin madatsar daga ciki, kamar gara a azara. Daga waje ba za ki ga komai ba. Amma awa biyu, awa uku, sai ta buɗe gaba ɗaya, kuma a ranar ba unguwa ɗaya za a yi wa kuka ba, garin ne duka. Magani ɗaya ne: a rage ruwa da gaggawa, ta kowace ƙofa, ko gidan wa za ta bi.

Lakar nan ba jini ba ce. Laka ce. Matar ta faɗi gaskiya ƙarara a layi ɗaya, masu ilimi suka tsallake ta suna neman abin da ke bayanta.

Ni ma hannuna ya fito da ja a wata safiyar Laraba. Injiniya ya yi tafiya, na'urar magana ta mutu tun ranar Talata da ruwa ya shiga ɗakin batir. Ƙofa biyu suna buɗe har iyaka. Ta uku tana zubawa ne a tsohon rafi, wanda ya bi ta gonaki, kuma gona ta farko a bakinsa ta Baffa ce. Bishiya ɗari uku. Da hannuna na yi wa wasu ban-ruwa ina yaro, domin a gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifina, shi ya sa ni makaranta. Na tura direbanmu da mota ya bi yana shela a kwashe mutane da dabbobi. Na jira minti arba'in ina kallon agogo. Sannan na kama ƙarfen murɗawa.

Ba a rasa rai ba, na gode Allah. Mutumin littafin ya fi ni ɗaukar kaya. Bayan ruwa ya janye, injiniyoyi suka haƙa suka samu rami a cikin madatsar, wanda babbar mota za ta shige. Suka rubuta rahoto suka wanke ni. Yana nan a akwatina.

Za ki ce, to me ya hana ni kai wa dangi rahoton? Wannan ita ce tambayar da littafin ya tsare ni da ita.

Wata ɗaya kafin ruwan, mun yi cacar baki da Baffa a kan ɓangaren gonar da nake ganin na mahaifina ne. Ya faɗa min magana mai zafi a gaban mutane. To ki duba shafi na ɗari biyu da shida. Mutumin yana murɗa ƙofa, sai ya tsinci kansa yana fito, ya yi sauri ya rufe baki. Da na zo wurin nan na ajiye littafin, na zagaya bayan gida, na daɗe ban dawo ba. Ni ban yi fito ba. Amma da ƙofar ta fara ɗagawa, maganar Baffa ta faɗo min a rai, kuma na ɗan lokaci, kamar ƙiftawar ido, ban ji tausayinsa ba. Na ji wani sanyi. Ko da ba mu yi faɗa ba zan buɗe ƙofar, wannan na tabbata. Amma ƙiftawar idon nan ita ta ɗaure min harshe. Ranar ta'aziyyar Baffa mahaifiyarki ta tare ni a zaure ta ce, "Ka zo ganin aikinka?" Rahoton yana aljihuna. Na kasa fito da shi. Na juya.

Don haka ki gaya wa Farfesanki bai yi ƙarya duka ba. Ya ga ƙiftawar idon, bai ga ramin ba. Ita matar ta ga duka biyun. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko matata. Yadda aka yi wata da ba ta san ina duniya ba ta riga ni faɗa, shi ne abin da har yanzu nake juyawa.

Kuskure ɗaya na kama ta da shi. Ta ce ya buɗe ƙofar shi kaɗai cikin minti goma sha biyar. Ko ɗan dambe ne ba zai iya ba. Ni awa guda na yi, kuma sati biyu ban iya ɗaga buta da hannun dama ba.

Ki rubuto. Ki kuma sa rigar sanyi.
Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna matarka, ka ce mata na gode da ta tsaya min. Ya gwiwa? Murata ta tafi. Ka yi haƙuri da jinkirin wata uku, abubuwa ne suka taru, kuma akwai wanda na yi ta jin tsoron faɗa maka. Bari in fara da mai daɗin.

Na kai wa Farfesa bayaninka na lakar, ban da abin da ya shafi gidanmu. Ya saurara yana juya cokali a kofin shayi, ya ce, "Adabi ba littafin koyon aikin famfo ba ne." Na fita daga ofishinsa. Na je sashen injiniyoyi, na samu wata malama mai koyar da ginin madatsu, na nuna mata layin ban ce komai ba. Ta karanta ta ce, "Kai! Wannan ai ta kusa fashewa." Na roƙe ta ta rubuta min a takarda. Farfesa ya karanta, ya ce zai yi tunani.

Ana nan sai aka liƙa sanarwa: marubuciyar za ta zo jami'armu, za a ba ta digirin girmamawa, kuma ta yarda ta amsa tambaya uku. Uku kacal.

Kawu, da ka gan ta. Na zaci zan ga wata doguwa mai kwarjini. Sai ga 'yar tsohuwa da sanda, da tsohuwar kwat mai maɓalli ɗaya daban da sauran, da abin ji a kunne. Zauren ya cika har matattakala. Tambayar farko ta amsa da "A'a." Ta biyu ta ce, "Ban sani ba." Mutane suna dariya, ita ko murmushi. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

Na miƙe da takarda a hannuna. Na ce ba tambaya gare ni ba, saƙo ne. Na karanta fassarar abin da ka rubuta, daga "madatsar ƙasa kullum tana tsattsafo" har zuwa "laka ce". Da na gama, na naɗe takardar.

Ta cire tabarau ta ajiye a tebur. Ta ce, "Wa ya gaya miki wannan?"

Na ce, "Kawuna."

"Shekara nawa ya yi a aikin?"

"Talatin da ɗaya."

Ta ce, "Nasa hannun, ya taɓa fitowa da ja?"

Na ce, "Sau ɗaya."

Sai ta rufe ido. Da ta buɗe ta ce mahaifinta mai gadin madatsa ne. Tana 'yar shekara tara aka yi wani ruwa mai yawa, ta bi shi gindin madatsa tana riƙe masa kwat. Ya durƙusa ya tsoma hannu, ya daɗe bai ɗago ba, yana tsoron dubawa. Da ya ɗago, ruwan garau ne. Ya zauna a jiƙaƙƙiyar ciyawa ya yi kuka, ita ba ta san dalili ba. Ta ce shekara hamsin tana tambayar kanta, da ya fito da ja fa? Littafin shi ne amsar.

Wani ɗan jarida ya yi tsalle ya ce, me ya sa ba ta taɓa yin bayani ba, ta bar mutane cikin duhu shekara goma sha ɗaya? Ta ce, "Na rubuta a fili. Na san wata rana mai aikin zai karanta. Ban dai zaci yana da nisa haka ba."

Bayan taro ta sa aka kira ni. Ta riƙe hannuna da nata biyu, masu sanyi, marasa nauyi kamar takarda. Na yi ƙarfin hali na faɗa mata kuskuren minti goma sha biyar. Kawu, ta yi dariya har da buga sanda a ƙasa! Ta ce a rubutun farko awa guda ne, editanta ya ce masu karatu za su gaji. Ta ce in gaya maka a bugu na gaba za ta mayar da awarka. Ta rubuta maka wani abu a kati, ga shi nan a ciki, ban karanta ba. Farfesa kuwa ya same ni a baranda ya ce in sake babi na biyu gaba ɗaya, in sa sunanka a matsayin madogara. Ya ce shi ma yana da gyaran da zai yi wa kansa a rubuce, kuma ba ya jin daɗin hakan ko kaɗan.

Yanzu ga wanda nake tsoro.

Na ɗauki hoton wasiƙarka na aika wa Umma. Dukanta, har da ƙiftawar idon. Na yi tunanin in yanke wurin, sai na ga idan na yanke na zama kamar masu sharhin nan, in nuna rabi in ɓoye rabi. Na san sirrinka ne, na san ban nemi izini ba. Yau sati biyar. Na kira ta sau shida. Tana tambayata abinci da sanyi da karatu, ba ta taɓa ambaton wasiƙar ba. Da na ɗauko maganar ta ce tukunyarta na ƙonewa.

Ina tsoron na ƙara ɓata abin da yake ɓatacce. Idan ka yi fushi, kana da gaskiya.

'Yarka.

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Gwiwa ta sha aiki makon jiya, za ki ji dalili.

Na yi fushi. Ba zan ɓoye miki ba. Kwana biyu ban yi wa kowa magana ba, matata ta ce gidan ya yi daɗi. Abin da na rufe shekara ashirin da shida, kin buɗe shi cikin minti ɗaya, ko shela ba ki aika ba.

Katin matar na karanta. Layi biyu ne. Ta ce ta gode da na karanta mahaifinta daidai, kuma tana fata wanda ya kamata ya karanta ni zai karanta. Na sa shi a akwati tare da rahoton.

Ranar Talata da hantsi ina ƙarƙashin rumfa, sai ga mota ta tsaya. Wata mata ta fito tana dafa ƙofa. Na ɗauka mai neman gidan maƙwabta ce. Sai da ta yi sallama na gane muryar mahaifiyarki. Na bar ta da ƙuruciyarta, ga ta da furfura a gefen ɗankwali, tana tafiya irin ta Baffa sak.

Matata ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa. Muka gaisa kamar baƙi a tasha. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na yi mamakin ta san sunayensu. Na tashi zan ɗauko rahoton, ta ce, "Zauna, Yaya. Ban zo karatu ba. Kai ni in gani."

Tafiyar awa ɗaya ce. Muka isa madatsar. Masu gadin yanzu ba su san ni ba, sai da wani tsoho a cikinsu ya fito ya gane ni, ya buɗe mana. Matattakala tamanin da huɗu ce zuwa saman madatsar. Na ce mu tsaya a ƙasa, ta ce a'a. Muka hau, muna hutawa kowace goma, tsofaffi biyu suna haki.

A sama iska tana kaɗawa. Ta hannun hagu ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Na nuna mata ƙofa ta uku, da tsohon rafi, da inda gonar take. Yanzu yashi ne da ciyawa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kullum da yamma sai mahaifina ya sa na kai shi bakin gonar. Ya zauna yana kallon yashin nan. Ni nake dawo da shi." Na ce na sani. Ta ce, "Ba ka sani ba." Gaskiyarta ce.

Sannan ta juya dama. Ban nuna mata ba, da kanta ta juya. Daga can garin duka yana ƙarƙashin ƙafarki: rufin kwano, kasuwa, asibiti, makarantu, tashar mota. Ta sa hannu ta kare rana tana nema. Ta ce, "Wancan mai koren rufi, ba asibitin haihuwa ba ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "Ranar Larabar da ka buɗe ƙofar ina cikinsa. Autata tana da kwana biyu."

Ke ce, 'yata. Ni ban sani ba sai ranar.

Ta ce, "Da ta fashe, har can ruwan zai kai?"

Na ce, "Har ya wuce."

Ta ce, "Abin da ka rubuta, na sanyin da ka ji. Da ba ka rubuta shi ba, da ban zo ba. Da na ce wanke kanka kake." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni ma ranar da na faɗa maka maganar nan a zaure, na ji sanyi. Ya daɗe bai bar ni na yi barci ba."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Muka tsaya muna kallon garin har rana ta fara zafi. Na ga mutane ƙanana kamar tururuwa suna ta harkarsu, mai keke, mai tura baro, yara an taso su daga makaranta, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi inda muke.

Da muka zo bakin matattakala ta leƙa ƙasa ta ce, "Hawa ya fi sauƙi. Yaya, riƙe ni."

Na riƙe ta muka sauko.

Ta ce idan kin gama karatu ki fara sauka a nan kafin ki wuce gida, ita ma za ta zo. Ki taho min da sabon bugun, in duba ko matar ta cika alkawari.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki.